Wa Ya Rushe Ɗakin?

Mutumin da ya rubuta babin ƙarshe na littafin Irmiya bai yi kuka ba, ƙirga ya yi. Wutar da Nebuzaradan, shugaban dogaran sarkin Babila, ya cinna wa Haikalin Urushalima a wata na biyar na shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa (wasu masana na cewa 587), aya ɗaya tak ya ba ta. Da ya zo kan kayan da aka kwashe kuwa sai ya gyara zama. Tukwane, da cokulan kwasar toka, da almakasan gyaran lagwanin fitila, da daruna, da kwanonin turare. Ga katafariyar kwatarniyar tagulla da ake kira teku, ga bijimai 12 da aka ƙera don su ɗauke ta. Sannan ya tsaya a gaban ginshiƙai biyun nan na bakin ƙofa, waɗanda tun zamanin Annabi Sulemanu suke da sunayensu, Yakin da Bo'aza. Kowanne tsayinsa kamu 18, zaren da zai zagaye shi kamu 12, cikinsa fanko ne, kaurin tagullar yatsu 4. An kewaye kan ginshiƙin da 'ya'yan rumman na tagulla, 96 a gefe-gefe, 100 in an haɗa duka.

Wa zai tsaya ƙirga 'ya'yan rumman a jikin ginshiƙin da aka riga aka farfasa, aka kwashe gutsattsarinsa zuwa wata ƙasa? Sai wanda ya sha tsayawa a gindinsa yana ɗaga kai. Duk wanda ya taɓa zama inda ake lissafa kayan mamaci kafin rabon gado ya san wannan muryar: malam na kira ana rubutawa, riguna kaza, huluna kaza, buta ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai ba mai hawaye, sai an fito da takalman da dunduniyarsu ta cinye ta gefe guda sannan wani ya tashi ya fita. Kuma duk tsawon lissafin nan, har da ƙananan kwanoni, babu akwatin alkawari a ciki, wato abu mafi tsarki da ke can ƙuryar ɗakin. Marubucin bai ce an ɗauke shi ba, bai ce ya ƙone ba. Ya wuce kawai.

Littafin Sarakuna ya ce shekara 7 aka yi ana ginin, kuma tun a wurin haƙar dutse ake sassaƙe kowane dutse, don haka ba a taɓa jin ƙarar guduma ko gatari a cikin ɗakin ba har aka gama. Mai Zabura ta 74 ya san wannan labarin, ko kuwa kunnensa ne ya kai shi ga kishiyarsa, domin abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne ƙara. Mayaƙa na ruri a wurin da ake taron ibada, gatura da gudumomi na sauka a kan katakon da aka yi wa zane. Mai littafin Makoki ma ya ji hayaniyar, kuma abin da ya ƙona masa rai shi ne yadda ta yi kama da hayaniyar ranar idi. Wanda ke nesa zai zaci bikin ake yi.

Yadda aka zo nan ba wani abin mamaki ba ne, siyasar ƙaramar ƙasa ce da ta tsinci kanta tsakanin manya biyu. A shekara ta 597 Nebukadnezzar, wanda littattafan tafsiri suka sani da Bukhtanassar, ya riga ya ci birnin sau ɗaya. Ya tafi da sarki Yehoyakin da fadawa da maƙera da masassaƙa, ya ɗora baffan sarkin, Zadakiya, a kan gado. Allunan yumɓu da aka tono a Babila na ɗauke da sunan Yehoyakin cikin masu karɓar rabon mai daga rumbun sarki. Zadakiya ya yi mubaya'a, daga baya ya jingina da Masar ya warware ta. Aka kewaye birnin kusan shekara ɗaya da rabi har abinci ya ƙare. Sarki ya gudu da dare, aka cim masa a filayen Yariko, aka kai shi Ribla a ƙasar Sham, aka yanka 'ya'yansa a gabansa, sannan aka ƙwaƙule masa idanu. Bayan kamar wata guda Nebuzaradan ya iso da wuta.

To, da labari irin wannan, mai karatu zai buɗe littafin Makoki yana jiran ya ji an la'anci Babila a kowane shafi. Babi biyar ne, kuma daga farko har ƙarshe ba a ambaci Babila ba ko sau ɗaya, ba a ambaci sarkinta ba. An ambaci Masar, an ambaci Assuriya, an ambaci Edom. Wanda ya cinna wutar kuwa maƙiyi ne kawai ake ce masa, ba suna, ba fuska. Ka shiga babi na biyu ka bi aikatau ɗaya bayan ɗaya kana tambayar wa ya aikata. Wa ya haɗiye gidajen Yakubu, wa ya ja baka, wa ya rushe kagara, wa ya ƙyamaci bagadinsa, wa ya sa aka manta da idi da Asabar? Amsar ɗaya ce duka, Ubangiji. Har mawaƙin ya kai ga faɗin abin da ko a yau ba kowane mai imani ne zai iya furtawa ba, cewa Ubangiji ya zama kamar abokin gaba.

Na daɗe ina ganin wannan shi ne abu mafi nauyi a cikin rubuce-rubucen nan, kuma ba na jin tsabar tawali'u ce kaɗai ta kawo shi. A duniyar wancan lokaci, in an ci gari to an ci ubangijin garin. Mayaƙa kan ɗauke gunkin su kai shi ɗakin nasu gunkin, ya zauna can kamar fursuna. Haikalin Urushalima ba shi da gunkin da za a ɗauka, sai aka ɗauki kwanoninsa aka ajiye su a ɗakin gunkin Babila. Saƙon a fili yake: namu ya kada naku. Mutumin Yahuza da ke tsaye a kan toka yana da hanya biyu. Ko ya yarda an ci Ubangijinsa da yaƙi, ko ya ce a'a, ba wanda ya isa ya taɓa ɗakin nan sai Mai ɗakin. Ta farkon ta fi sauƙi ga zuciya, domin ta wanke shi daga laifi, amma ta bar shi ba shi da wanda zai kai wa kuka. Ta biyun ta ɗora masa laifin a ka, amma ta bar masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ita ya zaɓa. Shi ya sa Irmiya ya iya kiran Nebukadnezzar bawan Ubangiji, kalmar da ta ƙwace wa sarkin nasararsa ta mai da shi ɗan aike. Shi ya sa kuma Ezekiyel, yana can zaman bauta a bakin kogin Kebar, ya ga ɗaukakar Ubangiji ta tashi daga ƙuryar ɗakin, ta tsaya a bakin ƙofa, ta tsaya a ƙofar gabas, sannan ta koma kan dutsen da ke gabas da birnin, tun kafin wuta ta iso. A wahayinsa, fankon gini Babila ta ƙona.

Bani Isra'ila ba su ne suka fara wannan tunani ba. Dutsen sarki Mesha na Mowab, wanda aka gano a 1868 kuma yake ajiye a Faris, ya ce Isra'ila ta danne Mowab ne domin ubangijinsu Kemosh ya yi fushi da ƙasarsa. Kafin wannan da fiye da shekara dubu, Sumeriyawa sun yi wa birnin Ur waƙar makoki bayan Ilamawa sun cinye shi, inda alloli suka yanke hukunci suka bar ɗakunansu. Sai dai waɗancan waƙoƙi sun kwanta cikin ƙasa tare da garuruwansu, sai da masu tono suka zo. Littafin Makoki kuwa ba a daina karanta shi ba.

Mai sauraron tafsirin azumi zai ji wani abu da ya sani a nan. Surar Isra'i, wadda ta buɗe da tafiyar dare zuwa Masallacin Ƙudus, ba ta yi nisa ba ta shiga labarin ɓarna biyu da aka gaya wa Bani Isra'ila za su yi, da hukunci biyu da za su biyo baya. Ita ma ba ta kira sunan mayaƙan ba. Bayin Allah ne masu tsananin ƙarfi da aka aiko, suka kutsa tsakanin gidaje, kuma a karo na biyu suka shiga masallacin kamar yadda aka shige shi da farko. Malaman tafsiri ne suka yi ta ƙoƙarin sa musu suna, kuma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Jalalaini ya ba Jaluta karon farko, ya ba Bukhtanassar na biyu, wasu suka jera su daban. Ayoyin dai ba su damu da sunan ba, kuma ba su rufe zancen da rushewa ba, sun bar ƙofar rahama a buɗe da sharaɗi.

Amma maganar nan tana da kaifi biyu, kuma ya danganta da bakin da ta fito. Wanda ɗakin ibadarsa ya ƙone in ya ce zunubinmu ne, tuba yake yi. Maƙwabcinsa in ya leƙo ta katanga ya ce zunubinku ne, wani abu ne daban, ko da kalmomin sun zo ɗaya. Littattafan nan sun san bambancin sarai. Sunan da Makoki ya kira da zafi shi ne na Edom, 'yan'uwa na jini ta wajen Isuwa, waɗanda ba su ne suka kawo rundunar ba. Laifinsu, kamar yadda Obadiya ya jera shi, shi ne sun tsaya gefe suna kallo, sun yi murna, sun tsare mararraba suna kama masu gudu. Akwai kuma masu wucewa da ke tafa hannu suna kaɗa kai. Ita ma Babila, cewa an yi ta ɗan aike bai wanke ta ba. Littafin Ishaya ya tuhume ta da cewa an ba ta mutane a hannu ba ta ji tausayin ko tsofaffi ba, kuma Irmiyan da ya kira sarkinta bawa shi ne ya ce nata hukuncin na zuwa bayan shekara 70.

Mu ma nan ba baƙin wannan ciwo ba ne. An tashi bam a cocin Katolika da ke Madalla ranar Kirsimeti ta 2011. An kai hari babban masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamba 2014, mutum fiye da 100 suka rasu. Bayan irin waɗannan ranaku ba a rasa mai fassara hukuncin Allah a kan mutanen da ba nasa ba, cikin natsuwa, kamar an aiko masa da takardar. Ya kamata irin wannan mutum ya lura cewa a cikin labarin da yake aro, kujerar da ya zauna a kai ta Edom ce. Ayar nan ta surar Hajji da ta yi maganar wuraren da da an rurrushe su ba don Allah na kare wasu mutane da wasu ba, ta jero ɗakunan masu zuhudu da coci-coci da wuraren ibadar Yahudu kafin ta zo kan masallatai.

Kada kuma a zaci masu makokin sun amsa laifi sun yi shiru. A babi na farko na Makoki birnin, wanda aka siffanta da matar da mijinta ya mutu, ta yarda Ubangiji ne mai gaskiya. A babi na biyu ita ɗin ce ta juyo tana cewa ya duba ya ga wa ya yi wa haka, tana tambaya ko daidai ne mata su ci 'ya'yan da suka rena, ko daidai ne a kashe firist da annabi a wuri mai tsarki. A babi na biyar, aya guda ta ce iyaye ne suka yi zunubi suka tafi suka bar 'ya'ya da kaya, wata ayar a ƙasa kaɗan ta ce mu ne muka yi. Ba wanda ya zo ya daidaita su. Zabura ta 74 ba ta ma amsa wani laifi ba, tambaya take yi, kuma abin da ya fi damunta ba ginin ba ne, shirun da ya biyo baya ne: ba alama, ba annabi, ba wanda ya san ranar ƙarewar abin. Zabura ta 137 kuwa, wadda ta fara da mawaƙan da suka rataye molayensu a kan itatuwa suka ƙi yi wa masu gadinsu waƙa, ita ta kira Babila da sunanta, kuma ta ƙare da fatan ramuwa a kan jarirai wanda mai karatu ke so ya tsallake. An bar ta a cikin littafin yadda take. A duk babi biyar na Makoki, Ubangijin da ake ta kira kusan shiru ya yi.

Wani abin lura shi ne yadda kukan gini ke zamewa ya koma kukan mutane. Babi na huɗu ya fara da zinariyar da ta dushe da duwatsu masu tsarki da aka watsar a kan kowace hanya. Kana cikin tunanin katangar Haikali, sai aya ta gaba ta nuna maka 'ya'yan birnin ake nufi, waɗanda da ake auna su da zinariya, yanzu ake musu kallon tukwanen ƙasa. Daga nan sai yaran da harshensu ya manne da dasashi don ƙishi, da 'yan gata da suka koma tonon juji. A babi na biyar mutane na sayen ruwan rijiyarsu da itacen dajinsu da kuɗi. Littafin da aka sani da makokin Haikali, in ka auna, yunwa ta fi Haikalin yawan ayoyi a cikinsa.

Duk wannan zafin kuma a cikin ma'auni aka zuba shi. Haruffan Ibrananci 22 ne. Babi na ɗaya da na biyu da na huɗu kowanne aya 22, kowace aya na farawa da harafin da ke biye. Babi na uku aya 66, kowane harafi ya samu uku. Masu karatun Ishiriniya sun san dangin wannan dabara, inda Alfazazi ya jera yabon Manzon Allah harafi-harafi, baiti ashirin-ashirin, sai dai shi harafinsa a amsa-amo yake, na Makoki kuwa a bakin aya. Wasu sun ce don sauƙin hadda aka yi haka, wasu suka ce don a nuna an faɗi baƙin cikin duka, ba a bar komai ba. Ni dai abin da nake gani shi ne linzami. Mai irin wannan kuka ba shi da dalilin matsawa daga aya zuwa aya, zai iya tsayawa kan gawar yaro guda har abada. Harafin da ke gaba ne ke jan sa, kuma harafin ƙarshe ne ke ce masa ya isa haka. Yawancin layukan ma dogon ɓangare ne sai gajere ya biyo, har masana suka ce karin na ɗingishi. A babi na biyar ayoyin na nan 22, amma jerin haruffan ya ɓace. Ko da gangan ne ko ba da gangan ba, kunne na jin mai riƙe da linzamin ya gaji.

Akwai wasu mutum 80 da littafin Irmiya ya ambata a gurguje, ba a cika tsayawa a kansu ba. Bayan an ƙona ɗakin, a wata na bakwai, suka taso daga Shekem da Shilo da Samariya, sun aske gemu, sun yayyage riguna, sun tsattsaga jiki, suna ɗauke da hadayar gari da lubban za su kai ɗakin Ubangiji. Shigarsu ta nuna sun san abin da ya faru. Duk da haka suka ɗauko kayan suka kama hanya, za su kai hadaya inda babu bagadi. Ba su isa ba. Isma'ilu ɗan Netaniya, wanda bai daɗe da kashe gwamna Gedaliya ba, ya tare su da kukan ƙarya ya shigar da su Mizfa, ya kashe 70 ya jefa a rijiya. Goman da suka tsira, alkama da sha'ir da mai da zuma da suka ɓoye a gona ne suka fanshe su. Ba Babila ce ta kashe waɗannan ba.

Alƙur'ani na da nasa matafiyin da ya bi ta kan kufai. A surar Baƙara, wani mutum ya wuce ta wata alƙarya da ta zube a kan rufinta, ya yi mamakin yadda Allah zai raya wannan bayan mutuwarta. Jalalaini ya ce Uzairu ne, alƙaryar kuma Baitil Maƙdis ce bayan Bukhtanassar, wasu magabata suka ce Irmiya ne. Ba a tsawata masa ba, ba a kuma yi masa dogon bayani ba. An kashe shi shekara 100 aka tashe shi, ya zaci wuni ɗaya ne ko wani yanki na wuni. Abincinsa bai lalace ba, jakinsa kuwa ya zama ƙasusuwa, aka haɗa su a gabansa yana kallo. Wanda ya yi tambaya a kan gari, a jikinsa da jikin dabbarsa aka ba shi amsa.

An sake ginin kuwa. Sairus na Farisa ya ci Babila a 539, ya ba da izinin komawa, aka ƙirgo kwanonin zinariya da azurfa aka miƙa wa Sheshbazzar, jimillarsu 5,400 a lissafin littafin Ezra. Ranar da aka kafa harsashi, matasa suka ɓarke da sowa, tsofaffin da suka ga ɗakin farko da idonsu suka fashe da kuka, har ba a iya rarrabe wannan da wancan, daga nesa ƙara ɗaya ake ji. Annabi Haggai bai ɓoye dalilin ba, ya tambayi tsofaffin ko sabon ginin ba kamar banza yake a idonsu ba. Ana cikin aikin, a shekara ta huɗu ta sarki Dariyus, mutanen Betel suka aiko da tambaya mai ma'ana: tunda ga ɗaki na tashi, a ci gaba da kuka da azumin wata na biyar, ko a daina? Suna son i ko a'a. Zakariya ya mai da musu tambaya, wai shekara 70 ɗin nan da suka yi suna azumi, don Allah suka yi ko don kansu? Sannan ya koma kan shari'ar gaskiya, da haƙƙin gwauruwa da maraya da baƙo da matalauci. Makoki ma na iya zama abin ado, kamar yadda ginin kansa ya taɓa zama laya a bakin mutanen zamanin Irmiya, waɗanda ke ta maimaita sunan Haikali suna ganin shi zai tsare su ko me suka aikata. Irmiya ya ce musu su je Shilo su ga kufan wurin ibadar da ya riga nasu.

An gama ɗaki na biyu wajen 515, Hirudus ya faɗaɗa shi ya ƙawata shi, kuma a shekara ta 70 miladiyya rundunar Taitus ta ƙone shi, a cikin wannan wata na biyar ɗin. Tambayar wa ya yi ta sake tasowa. Yusufus, Bayahuden da ya ga yaƙin daga sansanin Romawa kuma ya ci abincin gidan Taitus, ya ce wani soja ne ya jefa bakin wuta ba da umarni ba, Taitus ma ya so ya hana. Wani marubuci Kirista na baya, Sulfisiyus Seferus, ya ce Taitus ne ya yanke shawarar. Roma dai ba ta ji kunyar abin ba. Ta sassaƙa alkukin Haikali mai rassa 7 a jikin ƙofar tunawa da Taitus, yana nan har yau. Ta buga kuɗi da hoton mace zaune a gindin dabino tana makoki, wato hoton da mai Makoki ya zana da hawaye shi ne mai nasara ya buga a kan kwabo. Harajin da kowane Bayahude ke kai wa Haikali duk shekara kuma aka juya shi zuwa ɗakin gunkin Jufita. Malaman Talmud, da suka zo ba da tasu amsar, ba su tsaya kan Taitus ba. Suka ce ɗakin farko bautar gumaka da alfasha da zub da jini ne suka rushe shi, na biyu kuwa ƙiyayyar da ba ta da dalili tsakanin 'yan'uwa.

Su ne kuma suka yi wa makokin iyaka. An ruwaito cewa bayan rushewar wasu sun haramta wa kansu nama da ruwan inabi, tunda a kan bagadi ake miƙa su. Malam Yoshuwa ya ce to su bar gurasa ma, ai ana hadayar gari. Suka ce za su rayu da 'ya'yan itace. Ya ce ai ana kai nunan fari. Suka ce akwai waɗanda ba a kaiwa. Ya ce to ruwa fa, tunda ana zuba shi a kan bagadi lokacin idi? Suka yi shiru. Hukuncinsa shi ne rashin makoki sam ba zai yiwu ba, makokin da jama'a ba za su iya ɗauka ba shi ma ba a ɗora musu shi. Mutum ya shafe gidansa da farar ƙasa, ya bar ɗan wuri ba shafe. Ya shirya walima, ya rage wani abu kaɗan.

Sauran kukan aka tara shi a rana ɗaya, 9 ga watan Ab, wato wata na biyar ɗin nan, wadda ke faɗowa a Yuli ko Agusta. Littafin Sarakuna ya ce ran 7 ga wata Nebuzaradan ya zo, Irmiya ya ce ran 10, malaman suka ce ran 7 aka shiga, da yammacin 9 aka sa wuta, ta ci har 10. Ana azumin kusan awa 25, a cire takalmin fata, a zauna a ƙasa, ba a gaisawa, a karanta Makoki daga farko zuwa ƙarshe. Sai dai ba a tashi a inda marubucin ya tsaya. Aya ta kusa da ƙarshe roƙo ce a komo da su a sabunta kwanakinsu, ta ƙarshen kuwa ta bar zancen a kan yiwuwar an riga an ƙi su ƙi na har abada. Mai karatu na kaiwa nan sai jama'a su koma su maimaita ta kusa da ƙarshen da ƙarfi. Ba su goge ayar ba, ba su sauya mata wuri a rubuce ba, kuma haka suke yi a ƙarshen Ishaya da Malakai da littafin Mai Hadishi, waɗanda su ma suka ƙare da magana mai nauyi.